Tsagar da ta Karkace a Kan Ummu

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Yau ku gyara zama, don abin da ya same ni ranar Juma'ar nan, har yanzu in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. Na cire zobena, na canza lallena, na ari awarwaron yayata, duk don kada a gane ni a tele. Sai na manta da kan 'yata.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Juwairiyya, a Diffa nake, bayan kasuwar tattasai, gidan yayata Lauratu. Ina daka yaji in ƙulla a leda, ina kuma yi wa matan unguwa kitso. Mijina Bilal ya rasu a hatsarin mota a hanyar Damagaram, lokacin Ummusalma tana goye a bayana. Yanzu ga ta har ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, baki kamar rediyo.

Ranar da na fita takaba, yayan mijina, Alhaji Zubairu, ya zaunar da ni a zauren mahaifiyarsu, Hajiya Tabawa, ya ce, "Yarinya ta zauna wurinki, ba mu hana ba. Amma ranar da muka ji sunanki a bakin gari, ko kika kawo mana wani baƙo ya zama ubanta, a ranar za ta shiga motar Damagaram, ta tashi cikin danginta." Hajiya tana gefe tana jan carbi. Tun daga ranar nake takawa a hankali. Ko biki aka gayyace ni, ina idar da gaisuwa nake juyowa.

To me ya kai mai irin wannan tsoro cikin wasan tele? Ku bari in faɗa muku irin wasan.

Muna 'yan mata, ƙaramar tashar garinmu tana nuna wani wasa na wani dattijo Babarbare, Malam Goni. Sunansa Hannuwan Kogi, amma duk gari wasan marasa kai ake ce masa, saboda ba a taɓa nuna fuskar kowa. Kamara a ƙasa take, daidai tabarma. Hannu za ki gani yana tsinkar tattasai, ko yana gyaran koma, ko yana zuba shayi. Ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Malam Goni zai raɗa wa ɗan wasa magana ɗaya a kunne, shi ke nan, sauran ya fito daga cikinsa. Kuma duk maganar da raɗa ake yinta, yadda ko uwar da ta haife ki ba za ta rantse muryarki ce ba. Wasu sun ce shirme ne. Amma ranar Alhamis bayan magariba, in dai da kuran, wato wutar lantarki, ba ki jin motsin kowa a unguwa. Da fitina ta zo, aka kwashe mutanen bakin kogi, aka hana hawa babur, wasan ya mutu ba tare da an yi masa sallama ba.

Bana sai ga shi an ce za a tashe shi. Wanda ya ɗauko aikin shi ne Abdullateef, mutumin Damasak, wanda ya tsallako kogin Komadugu da mahaifiyarsa a shekarun gudu, ya koyi kamara wurin masu furoje, 'yan ƙungiyoyin agaji. Yaji ya zo saye ranar da na fara ganinsa. Dogo ne, da ƙaramin gemu, hularsa zanna a karkace. Ina ƙulla leda yana kallon yatsuna, har na ji haushi.

"Malam, yajin kake so ko hannun?"

"Madam, in da hali, duka biyun."

Yaya Lauratu da ke tankaɗe a gefe ta ƙware da dariya. Ni kuwa na miƙa masa ledarsa na shige ɗaki. Tun daga nan saƙonsa bai yanke ba. Da safe: "Wushe, Maman Ummu. An tashi lafiya?" Da yamma: "Yajin nan ya ƙare. Ban san me ke cinye shi ba." Na faɗa masa gaskiya tun da wuri, cewa akwai yarinya tsakanina da duk wani namiji, kuma na gaya masa sharaɗin Alhaji. Bai ja da baya ba, bai kuma matsa ba. Ya ce, "Ba na sauri. Amma wasan nan babu fuska, babu suna. Ki zo sau ɗaya, ki yi abin da kika iya, kitso kawai."

Wallahi na so. Kada ku ga laifina. Tun ina yarinya nake zama gaban tele ina juya tafin hannuna ina cewa da ma nawa ne.

Ranar Talata muka shirya. Yaya Lauratu ta kai ni wurin wata mai lalle, aka zana mini irin na Barebari, baƙi har wuyan hannu, ni da ban taɓa wuce jan lalle a kan yatsu ba. Na cire zoben azurfar da Bilal ya saya mini na ƙulle a bakin zane. Na sa awarwaron Yaya masu ƙara, na naɗa lafayarta ruwan toka. Ko ni da na kalli hannun sai na ga na wata ne. Na tafi da Ummu don babu wanda zan bar wa ita, Yaya ma tana biye da ni.

A ƙauyen Gagamari ake ɗaukar wasan, a gidan wasu mutanen bakin kogi da suka yi zamansu can tun gudu. Tsakar gidan ja wur da tattasan da aka shanya, warinsa yana sa atishawa. Malam Goni yana kan buzu a gindin bishiyar bedi. Ya tsufa, idonsa ya yi hazo, da kunne yake aikin yanzu. Yarinyar gidan da za a yi wa kitson tana ganin kamara ta tsala ihu ta ruga bayan uwarta. Aka yi lallashi, aka ba ta alewa, ta karɓe alewar ta ƙi zama.

Kafin in ankara, Ummu ta cire hijabinta ta zo ta zauna tsakanin ƙafafuna.

"Mama, ni ba na kuka."

Na ce a'a. Na ce ban zo da ita don wannan ba. Abdullateef ya durƙusa ya juyo mini da ɗan gilashin kamarar. "Duba da kanki. Tsakiyar kai ne kawai da hannunki. Ko kunnenta ba ya fitowa. Amma in kin ce a'a, a'a ce, mu tashi." Na duba, na sake dubawa. Gashi ne kawai, irin na kowace yarinya. Na ce to.

Na ɗauki kibiya, na shafa man kaɗanya, na fara tsaga. Sai aka kamo hannun Malam Goni aka kawo shi kusa da ni. Ya sunkuyo, yana ƙamshin goro da turare, ya raɗa mini: "Gobe da safe za a zo a tafi da ita. Ita ba ta sani ba."

'Yan uwa, nan take sharaɗin Alhaji ya faɗo mini a rai.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Da raɗa na fara ce mata in ta je inda za ta je, ta riƙa cewa a sassauta mata kitso a gefen hagu, don nan ne yake mata zafi. Ta faɗa musu ba ta shan kunu da tsami. In ta yi fitsarin kwance kada ta ɓoye zanen, ta kai wa babbar gidan ta faɗi gaskiya. In an tambaye ta wa ya yi mata kitson nan ta ce mamanta, kada ta bari a tsefe da wuri. Ummu ta ɗauka wasa ne, ita ma ta raɗa, "Mama, ke ba za ki zo ba?" Nan hannuna ya yi rawa. Kibiyar ta goce, tsagar tsakiya ta karkace ta nufi kunnen dama kamar hanyar awaki. Ni da matan unguwa suke yabon miƙewar tsagata. Ban gyara ba, na kitse ta a haka, ina share ido da kafaɗa.

Aka gama ɗauka. Matar gidan ta juya baya tana fyace hanci da bakin lafaya.

Na miƙe na ja Abdullateef gefe. "Kai ka gaya masa? Sirrin da na ba ka shi ka kai wa tsoho ya yi wasa da shi?"

"Na rantse da Allah ban faɗa ba."

Ashe Malam Goni yana ji. Daga kan buzunsa ya ce, "'Yata, babu wanda ya gaya mini komai. A kwarin nan, wace uwa ce za a raɗa wa wannan maganar hannunta bai yi rawa ba? Ki tambayi matar gidan nan ina nata biyun suke."

Da yamma saƙon Abdullateef ya shigo tare da hoton wasan: "Ki kalla. In kin ce a goge, yanzu zan goge, ko Malam zai yi fushi." Na kalla ni da Yaya, muka ƙura ido muna neman abin da zai tona ni. Lallen ba nawa ba, awarwaro ba nawa ba, murya raɗa. Na rubuta masa: "A nuna."

Ranar Alhamis aka nuna. Kafin isha ya shiga wayoyi. Ina jin maƙwabciyarmu ta katanga tana cewa, "Wannan Babarbariya ce, dubi lallen." Na yi hamdala a zuciyata.

To ku kun san al'adarmu da gidan Hajiya: duk Juma'a Ummu can take wuni. Da safe na yi mata wanka, na sa mata doguwar rigarta mai ruwan ƙwai da farin hijabi, na kai ta har ƙofa na dawo na hau daka. Bayan an sauko masallaci Yaya Lauratu tana kwance tana sake kallon wasan a waya, sai ta tashi zaune.

"Juwai, ina Ummu?"

"Gidan Hajiya mana."

"Da wane kitson?"

Taɓaryar ta tsaya a sama. Kitso ai ba lalle ba ne da za a rufe da safar hannu, ba zobe ba ne da za a cire. Mako biyu yake yi a kai. Kuma Hajiya, abu na farko da take yi in Ummu ta shiga, shi ne ta cire mata hijabi ta shafa mata mai a kai.

Ban tsaya wanke hannu ba. Na zari hijabina na tare keke. A hanya na rubuta wa Abdullateef: "Kitson yana kanta. Tana gidan kakarta." Ya kira, ban ɗauka ba. Ya rubuto: "In zo?" Na ce, "Kada ka kuskura." Duk hanya ina lissafin abin da zan yi in sun ce ta kwana. Na ce zan durƙusa, zan rantse ba zan ƙara ba, zan goge lambarsa a gabansu. Duk abin da suke so. Ita dai kada ta shiga motar nan.

Na yi sallama na shiga. Gidan yana ƙamshin turaren wuta kamar kullum. Hajiya tana kan darduma a rumfa, da gilashinta a karan hanci, Ummu tana zaune tsakanin ƙafafunta tana cin dabino. Rabin kan an tsefe shi. Karkatacciyar tsagar tana nan a sauran rabin, tana kallona.

Na durƙusa nesa. "Hajiya, ina wuni."

Ta kalli hannuwana, baƙin lallen nan har wuyan hannu, ga jan yaji a kai. Na tura su cikin hijabi, amma ina amfaninsa?

"Uwar Ummu, ni na koya miki tsaga da kika zo gidan nan amarya. Haka na koya miki?"

"A'a, Hajiya."

"Jiya ina kallo na ce wannan Babarbariyar riƙon kibiyarta irin namu ne. Yau na buɗe kan Uwata, sai ga hanyar awaki." Uwata take ce wa Ummu, don sunan mahaifiyar Hajiya aka sa mata.

"Hajiya, ki yafe mini. Wallahi ba zan..."

"Rufe mini baki ki matso. Kama wancan gefen. Zubairu yana hanya, kuma jiya a shagonsa aka kunna abin, da idonsa ya gani."

Sai da na ɗauki lokaci kafin maganar ta shiga kaina. Na matso da gwiwa, na kama jelar kitso ɗaya na fara warwarewa, yatsuna suna karo da nata. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba tun rasuwar Bilal.

Ta yi ƙasa da murya yadda Ummu ba za ta kula ba. "Ni ma an tafi da tawa. Zahra'u, ta fari. Ranar yaye gwaggon ubanta ta zo daga Damagaram. Ni na yi mata kitson tafiya. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na iya faɗa a gaban mutane, balle in yi kuka. Da aka dawo da ita ta isa aure, Yaya Tabawa take ce mini. Har yau da jikokinta haka take kira na." Ta ja tsaki, ta gyara gilashi. "Ke ko kin samu bakin faɗa mata ba ta shan kunu da tsami. Ni ko wannan ban faɗa ba."

Hawayena ya ɗiga a wuyan Ummu, ta ce, "Mama, ruwa!" Hajiya ta ce, "Ci dabinonki, sarkin surutu."

Saura kitso kaɗan muka ji sallamar Alhaji Zubairu a zaure. Hajiya ta sa yatsu ta barbaza gashin, tsagar ta ɓace. Ya shigo da babbar rigarsa ta Juma'a, shadda fara, waya a hannu. Na gaishe shi, hannuwana cikin gashin Ummu. Ya amsa sama sama ya zauna kan kujera.

"Hajiya, kin ga abin marasa kan nan jiya? Yau a kasuwa babu maganar da ake sai ita. Har musu aka yi a rumfar masu tattasai."

"Na gani. Ai ka ce shirme ne."

"Shirme ne mana, mutum ba kai. Amma na jiya..." Ya girgiza kai. "Yarinya tana tambaya, Mama ba za ki zo ba. Ni na ce musu, ko wane ne zai zo ɗaukar yarinyar nan, ba ya tsoron Allah. Uwa tana raye, tana kula da abarta haka, a raba su don me?"

Hajiya ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kunnena ya yi nauyi, Zubairu. Me ka ce?"

Ya ɗaga murya. "Na ce duk wanda ya raba yarinyar nan da uwarta ba ya tsoron Allah!"

"Madalla. Uwar Ummu, kin ji?"

Kafin in buɗe baki, Ummu ta zabura, ƙwallon dabino a kumatu, ta nuna wayar hannunsa.

"Baba Alhaji, ai kaina ne! Ni ce ban yi kuka ba! Waccan yarinyar ce ta gudu!"

Ku ce mini me uwa za ta yi da irin wannan baki? Duk tsifar da muka sha ta tashi a banza.

Alhaji ya kalli Ummu. Ya kalli wayar. Ya kalli hannuwana, da ba su da sauran wurin ɓuya. Fuskarsa ta haɗe, ya buɗe baki, sai Hajiya ta riga shi.

"Kanta ne, hannun uwarta ne. Sunan wa ka ji a bakin gari? Babarbariya suka ce. Kai kuma ka yi magana sau biyu a gabana, ka yi ta a kasuwa gaban mutane. In za ka janye, ka koma rumfar masu tattasai ka fara janyewa a can."

"Hajiya, ai wannan daban, wasa ne..."

"Ita da ta yi kukan ba wasa take ba. Ina raye Uwata ba ta shiga motar Damagaram sai dai ziyara, da uwarta a gefe."

Sai aka kira la'asar a masallacin unguwa. Ummu ta je ta jingina da gwiwar Alhaji tana son ya nuna mata kanta a wayar. Bai ture ta ba. Can ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Wane ne mai kamarar?"

Na ce, "Abdullateef sunansa, Yaya Alhaji. Mutumin Damasak ne."

"Shi ne mai sayen yajin da ba ya ƙarewa?"

Ashe sun sani. Ashe duk takawar da nake a hankali, gari yana ƙirga sawuna. Na sunkuyar da kai, Hajiya kuma ta yi wani tari da na tabbata dariya ce.

"Ya same ni nan ranar Lahadi bayan la'asar," in ji Alhaji. "Mutumin da ya sa kan 'yar ƙanena a tele, ina so in ga nasa kan." Ya fice masallaci.

Ban san ko faɗa zai yi masa ko tambayar asali ba. Hajiya ma da na kalle ta cewa ta yi, "Ni me na sani? Ɗaura wa yarinya hijabi ku tafi, gobe ki yi mata kitson mutane."

Muka fito, hannun Ummu cikin nawa, na riƙe shi har ta ce ina matse ta. A cikin keke na buɗe waya, kiran Abdullateef ya cika ta. Na rubuta masa: "Tana tare da ni, gida za mu. Alhaji yana nemanka Lahadi bayan la'asar, gidan Hajiya. Ka bar kamara a gida, ka miƙe hular nan."

Ko sauke hannu ban yi ba amsarsa ta shigo.

"Alhamdulillahi. In zo ni kaɗai, ko in taho da kawuna da goro?"

Na kifa wayar a cinya. Mai keke ya tambaye ni ko a nan zai tsaya, na ce ya ƙara gaba, alhali mun riga mun wuce ƙofar gidanmu.